Baba Sakata da Katanga ta Uku

Duk wanda ya taɓa aiki a benen nan mai hawa huɗu, ko na wata guda ne, ya san Baba Sakata. Ba sunan yanka ba ne. Matarsa ce ta laƙaba masa tun aurensu bai yi wata ba, ranar da ya kulle ta a gida ya tafi aiki da makulli a aljihu. Ba faɗa suka yi ba, hannunsa ne ya saba. In ya fita ƙofa sai ya ja ta, ya murza makulli, ya yi taku uku, ya dawo ya jijjiga ta ya ji ko ta kamu. Gado ya yi. Mahaifinsa mai gadi ne a wata ma'ajiyar kaya, shekara talatin ko allura ba a taɓa ɗaukewa a hannunsa ba, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bambancin kawai, ƙofofin da aka ba ɗan ya tsare ba a ganinsu da ido.

Shi ke kula da layin intanet na wani kamfanin masu zanen gine-gine. Ya fara tun yana matashi mai siririn wuya yana jan waya ta cikin silin, ga shi yau shekara ashirin da takwas, wuyan ya yi kauri, kan ya yi sanƙo. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a hawan ƙasa kusa da matakala: teburi biyu, fanka mai kukan tsufa, da shuɗɗan wayoyi a jikin bango, kowacce da lambar da ya rubuta mata da hannunsa. Bayan iyalinsa, wasu marasa kirki a ofis ma sun ce kafin iyalinsa, babu abin da yake ƙauna kamar katangar tsaro. Na'ura ce da ke tsaye tsakanin kwamfutocin ofis da duniyar waje, tana duba kowane saƙo mai shiga da mai fita, ta ce wannan ya wuce, wancan ya koma inda ya fito.

Sauran mutane katanga ɗaya suke kafawa su yi barcinsu. Shi uku gare shi. Duk sanda kamfani ya sayi sabuwa, maimakon ya cire tsohuwar sai ya jera su ɗaya bayan ɗaya, wai ba a sallamar mai gadi don ya yi furfura. Ta ciki ita ce Sabuwa, mai bi mata Ta-tsakiya, ta bakin fita kuwa ita ce Tsohuwa, wata baƙar akwati da ke zaune a kabad ƙarƙashin matakala tare da tsintsiya da gwangwanayen fenti. Mai shara ta rantse ta taɓa jinsa da sassafe yana tambayar Tsohuwa ya gajiya.

In layi ya ƙi, yana da hanyarsa da ba ya saɓa mata ko sama da ƙasa za su haɗu. Sai ya juya bayan tsohuwar kalanda, ya zana gida mai ƙofa uku, ya fara daga ciki yana bin su ɗaya-ɗaya. Kowace katanga tana da rajistarta, inda take rubuta wanda ta tare da dalilin tarewar, kuma rajistar nan yake karantawa kafin ya taɓa komai. Yakan ce wanda ya buɗe ƙofa biyu lokaci guda ba zai taɓa sanin wacce ta hana shi fita ba.

'Ya'yansa huɗu. Uku na farko sun yi aure, kuma duk cikinsu babu wanda gidansa ya wuce tafiyar minti ashirin a ƙafa, abin da ke yi wa Baba Sakata daɗi har cikin ƙashinsa. Sai Auta. Ita ce ta ɗauko kansa, amma a birkice: shi in ya ga ƙofa hannunsa ƙaiƙayin kullewa yake, ita na buɗewa. Tana sakandare, in an tashi daga makaranta ofishinsa take zuwa ta jira shi, ta zauna a teburi na biyu kusa da taga, wai tana aikin gida. Ashe ramuka take haƙawa ta ƙarƙashin katangunsa, tana fita duniya tana buga wasannin kwamfuta da mutanen da ba a san uwarsu ba balle ubansu. Ya toshe nan, ta ɓulla can. Shekara guda suka yi suna wannan yaƙi ba wanda ya ce wa wani uffan a kai, sai dai su haɗa ido wajen cin abinci kowa ya yi murmushin mugunta. Daga baya abin ya mutu, ta shiga jami'a, ta karanci kwamfuta, ta fito da sakamakon da ya sa ya yi sati yana yawo da kwafinsa a aljihu.

Bana wani kamfani a wata ƙasa mai nisa ya neme ta. Ta tsallake duk jarrabawarsu, saura ɗaya: ranar Talata, ƙarfe sha biyun rana daidai, ta shiga cikin kwamfutocinsu daga inda take, ta yi aikin gwaji na awa ɗaya. Wanda bai shiga ba kafin sha biyu ta gota, a kira na bayansa. In ta ci, bayan wata uku ta haɗa kaya ta koma can. Ranar da ta faɗa a gida, uwar ta rungume ta tana hawaye, yayyen suka cika falo da ihu. Baba Sakata ya ce, "To," ya tashi ya tafi duba ƙofar baya, wadda ya riga ya duba.

Talatar ta zo, ta zo da tsiyarta. Tun ƙarfe tara aka ɗauke wuta a unguwar gaba ɗaya, sabis ɗin waya kuma ya kama wasan ɓuya, ya leƙo ya koma. Auta tana tsaye tsakar ɗaki rungume da kwamfutarta, ido ya raina fata.

Uwar ta ce, "Baban yara, me kake jira? Ɗauke ta ku tafi ofishinka mana. Shekara ashirin da takwas kana cika mana baki da layin nan, yau sai mu ga ranarsa."

Ƙarfe goma da kwata suna ɗakin nan na kusa da matakala. Auta ko tunani ba ta yi ba, ƙafarta ta kai ta teburinta na da, ta jawo waya mai lamba sha huɗu ta soka a kwamfuta. Kamfanin can ba a shigarsa sai ta abin da ake kira VPN, wato wani rufaffen bututu da ake shimfiɗawa daga kwamfutarka zuwa tasu, duk abin da ya bi ta ciki ba mai ganinsa. Ta danna. Wata 'yar ƙawanya ta yi ta juyawa a allo, can sai ga jan rubutu: an kasa haɗawa.

Kunya dai ta hana shi yin tafi, amma fuskar Baba Sakata ta washe. Ya ce, "Kin gani ko? Gidan nan ko ƙuda ba ya fita sai da sanina."

"Baba, ni ba ƙuda ba ce. Kuma saura awa ɗaya da minti arba'in."

"Kwantar da hankalinki, Auta. Aikin minti biyar ne."

Ya juya kalanda, ya zana gidansa mai ƙofa uku, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Bututun nan hanya biyu yake buƙata a kowace katanga: mai lamba ɗari biyar, ta nan ake sallama a gaisa da na can, sai mai lamba dubu huɗu da ɗari biyar, ta nan ake wucewa da kayan. Ya buɗe rajistar Sabuwa, sai ga shi ɓaro-ɓaro: baƙuwar kwamfuta, ba a san ta ba, an tare. Ya yi wa Sabuwa barka da aiki, ya gabatar mata da baƙuwar, ya ce a sake gwadawa. Ƙawanya ta juya, ta ɗan daɗe fiye da ɗazu, ta sake faɗuwa.

Ya ce, "Madalla! Mun ci gaba. Yanzu a ƙofa ta biyu muka faɗi."

Auta ta dafe kai. "Kai kaɗai ne a duniya ake faɗuwa ka ce madalla."

Kafin nan labari ya hau bene, don mai shara ba ta iya riƙe magana. Sai ga Manaja ya sauko da kansa, riƙe da kofin shayi. Ya san Auta tun tana zuwa da kayan makaranta, shi ma a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne.

"Baba Sakata, ashe 'yarmu ce za ta tafi ƙasar waje ba a faɗa mana ba? Me ya hana layin? Kun gwada kashewa da kunnawa?"

"Yallaɓai, in da kashewa da kunnawa ne aikin, ai da tuni ka sallame ni ka ɗauki makunni aiki."

Waɗanda suka biyo Manaja suka kwashe da dariya. Kan ka ce kwabo bakin ƙofa ya cika da masu zane, wasu da fensir a bayan kunne, kowa yana miƙa wuya, kowa ya zama gwani. Wani ya ce a ɗaga kwamfutar sama. Wata ta ce ƙaninta yana hura wa wayar iska ne ta yi. Baba Sakata bai kula su ba, ya shiga rajistar Ta-tsakiya, ya iske hanyoyin biyu a rufe ruf, kamar yadda ya rufe su da hannunsa. Ya buɗe su, amma ga waya mai lamba sha huɗu kaɗai, don ko a ranar tashin hankali shi ba ya buɗe ƙofa fiye da faɗin mai wucewa.

Auta ta danna. Ƙawanya ta juya. Sai rubutu ya canza: an amsa sallama, ana tantancewa.

Ɗakin ya kaure. Manaja ya yi tafi har shayi ya zubo masa a takalmi, mai shara ta ɗaga tsintsiya sama tana ihu, wani ya rungume wanda suka yi wata ba sa magana. Baba Sakata ya miƙe, ya gyara tabarau, ya yi wani ɗan taku biyu da kafaɗa wanda rabonsa da shi tun yana saurayi. Yana cikin juyi na uku ya lura Auta ba ta dariya. Ƙawanyar ta tsaya cak, sannan jan rubutun ya dawo. Agogon bango ya ce sha ɗaya da minti ashirin.

Ya zauna a hankali. Sallama ta fita ta dawo, kayan ne suka ɓace a hanya. Sabuwa ta rubuta cewa sun wuce ta, Ta-tsakiya ma haka. Ya leƙa rajistar Tsohuwa daga teburinsa, ya iske ta fes, ba ta tare kowa ba yau, ba ta tare kowa ba jiya. Ya ce, "Tsohuwa ba ruwanta, ita ai zaman ritaya take. Masu ba mu layi ne." Ya ɗauki waya ya kira su. Suka sa masa kiɗa na minti takwas, sannan wata murya mai sanyi ta shaida masa layinsu lafiya lau yake, ta tambaye shi ko ya gwada kashewa da kunnawa. Manaja ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Baba Sakata ya ajiye wayar, gumi ya jiƙa masa riga, kuma a karon farko cikin shekara ashirin da takwas ya kalli zanensa bai san ina zai sa fensir ba.

Can sai Auta ta yi wata 'yar dariya, irin ta wanda kuka ke kusa da shi. Ta ce, "Baba, ka san abin da wannan ya tuna mini? Ina aji huɗu, a teburin nan, rannan ramina ya mutu haka kawai. Sak irin wannan, a gaisa lafiya, sannan shiru. Sati biyu ina satar karanta rajistarka in ka fita, ban ga komai ba. Har yau ban san yadda ka yi ba."

Gabansa ya faɗi. Ya ɗauki 'yar ƙaramar kwamfutarsa da wata guntuwar waya mai ruwan toka, ya ratsa taron, ya zagaya ƙarƙashin matakala. Ya buɗe kabad, ya kawar da gwangwanayen fenti, ya durƙusa, gwiwa tana ƙara, ya soka wayar a jikin Tsohuwa kai tsaye. Jerin dokokinta ya fito, waɗanda rabonsa da karanta su tun daga farko har ya manta. A layi na uku ya gan ta. Duk abin da ya fito daga waya mai lamba sha huɗu zai bi ta dubu huɗu da ɗari biyar, a jefar da shi, kuma kada a sa a rajista. A gefe, wajen da ake barin bayani, ga rubutunsa na shekara goma sha ɗaya da suka wuce: "Don Auta. Kada a bari ta fita. Kada a rubuta, tana karanta rajista."

Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Tsohuwa dai ba ta yi laifi ba, amana aka ba ta ta riƙe.

Agogon hannunsa ya ce saura minti goma sha huɗu. Daga nan yana jin hayaniyarsu, Manaja yana ba da shawarar a kira wani abokinsa. Ba wanda ke ganinsa a bayan matakalar nan. Kuma gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta: wani tunani ya zo masa, bai kuma kore shi nan take ba. In ya zare wayar nan ya rufe kabad, sha biyu za ta yi ta wuce. Ba rajista, ba shaida, laifi ya tafi kan masu ba da layi. Auta za ta yi kuka sati ɗaya, ta sami aiki a gari, ta riƙa dawowa gida da yamma tana jefar da takalmi a bakin ƙofa yana yi mata faɗa. Ba ya so ta tafi. Tun ranar da ya ce "To" ba ya so, kuma bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon layin nan.

Sannan ya ɗaga murya. "Auta! Zo ki ga aikin ubanki."

Ta zo da gudu, ta sunkuya ta karanta. Ta sake karantawa. Sai ta zube a kan gwangwanin fenti tana dariya har da riƙe ciki. "Kada a rubuta, tana karanta rajista! Baba! Wallahi kai mugu ne! Sati biyu fa!" Tana cikin share hawayen dariya ta dubi fuskarsa, dariyar ta ragu.

"Tun yaushe ka gani?"

"Minti biyu."

"Me ka tsaya yi har minti biyu?"

Ya ce, "Muna gaisawa da Tsohuwa."

Ta dube shi, ya dubi allo. Ba ta sake tambaya ba, ta dai ɗora hannu a kafaɗarsa. Ya share dokar da yatsa ɗaya, ya ce, "Ruga."

Ta ruga. Ya ji ɗakin ya yi tsit, ya ji an ja numfashi, sannan ya ji Manaja ya yi salati. Muryar Auta ta taso a tsorace: "Baba, ta sake faɗuwa! Saura minti shida!"

Wannan karon ko gezau bai yi ba, don ya san halin tsohuwarsa. Katangun zamani in suka bar saƙo ya fita suna riƙe shi a ka, in amsarsa ta zo su buɗe mata. Tsohuwa ba ta da wannan ƙwaƙwalwa. In ta bar ka ka fita ta manta da kai, sai an rubuta mata hanyar dawowa daban, kuma ta lambar dubu huɗu da ɗari biyar shi ya goge ta tun lokacin yaƙinsu. Ya ɗaga murya ya ce, "Fita kawai na buɗe miki. Tsaya in rubuta dawowa." Yatsunsa masu kauri suka bi madannai, bai yi kuskuren harafi ɗaya ba. A wajen bayani ya rubuta: "Auta. A bar mata a buɗe."

Bai ga koren rubutun da idonsa ba, ihun ya ji. Saura minti uku. Ya fito daga ƙarƙashin matakala da yanar gizo-gizo a sanƙonsa, masu zane suka yi masa caa, har biyu suka yi yunƙurin ɗaga shi sama suka ji nauyi suka fasa. Ya kore su duka har Manaja, ya jawo wa Auta ƙofa, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ɗakin awa guda cur. Duk wanda ya sauko matakala da takalmi mai ƙara sai ya harare shi ya koma.

Ta ci. Bayan wata uku ta tafi, da akwati biyu da kwaɗo huɗu da ya saya mata, biyu na amfani biyu na ko-ta-kwana.

Teburi na biyu yana nan, ba mai zama, waya mai lamba sha huɗu a naɗe a kai. Kwanakin baya kamfani ya kawo masu binciken tsaro daga waje, suka bi dokokin katangun layi-layi, suka nuna masa layin Auta suka ce hanya ce a buɗe ba mai amfani da ita, a rufe. Duk abin da suka lissafa ya rufe, har ya ƙara musu da waɗanda ba su gani ba. Da suka dawo kan wannan ya ce a wuce na gaba. Suka kai ƙara wajen Manaja, Manaja ya ce su ma su wuce na gaba.

Kullum da safe in ya iso, kafin ya kunna fanka, sai ya zagaya ƙarƙashin matakala ya gaida Tsohuwa, ya soka guntuwar wayarsa ya duba layin nan. In ya ga yana nan a buɗe ya rufe kabad, ya yi taku uku, ya dawo ya sake dubawa.